Yadda Ake Addu'ar Adbent a Gida, Mataki-Mataki

Tun shigowar Nuwamba 'yan'uwa suke tare ni, wasu a ƙofar coci bayan sujada, wasu a shagon ɗinkina nan Asawase cikin Kumasi, wasu kuma ta waya daga Nima da Maamobi a Accra. Tambayar ba ta canzawa: "Mma, wannan addu'ar kyandir da kuke yi a gida kafin Kirsimeti, yaya ake yin ta? Me za mu saya, me za mu karanta?" Na amsa har bakina ya gaji, na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya, daki-daki.

Adbent shi ne lokacin jiran zuwan Almasihu, Lahadi huɗu kafin Kirsimeti. 'Yan Katolika da Angilikan da Metodis da Firesbiteriya suna kiyaye shi a coci. Wasu ikilisiyoyi ba su cika ambatonsa ba, amma babu abin da ke nan wanda mai bi na kowace ɗarika ba zai iya yi a ɗakinsa ba. Ni tela ce, Disamba kuwa wata ne da keken ɗinki ba ya sanyi, don haka duk abin da na rubuta an gwada shi ne a gidan da babu mai lokaci. Minti goma sha biyar kowane dare, shi ke nan. Gidajen da na ga addu'ar ta mutu musu a mako na biyu, kusan dukansu sun ɗauko ta ne da girman da ya fi ƙarfinsu.

1. Gano ranar farawa

Adbent ba shi da kwanan wata tsayayye. Ku ɗauki kalanda, ku ɗora yatsa a kan 25 ga Disamba, ku ƙirgo Lahadi huɗu baya. Ta huɗun ita ce ranar farawa, kuma kullum tana faɗawa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. A 2025 ta zo 30 ga Nuwamba, a 2026 kuma 29 ga Nuwamba, a 2027 sai 28. Gwargwadon shekara, kwanakin suna kamawa daga 22 zuwa 28.

Gargaɗi: kada ku ƙirga da ranar Kirsimeti kanta idan ta faɗa Lahadi. Kada kuma ku ɗauka 1 ga Disamba ce ranar farawa, wannan kuskuren ya fi kowane yawa. Wanda ya yi shi zai tarar coci ta kunna kyandir na biyu alhali shi yana tsakiyar na farko. Ku rubuta Lahadi huɗun a takarda, ku manna a bayan ƙofa mako guda kafin a fara.

2. Tsai da lokaci da wuri, kafin ku sayi komai

Wannan matakin mutane suke tsallakewa su ruga kasuwa, alhali shi ne ginshiƙi. Ku tara mutanen gida, har yara, ku tambayi kowa ƙarfe nawa yake shigowa. Lokacin da ya fi tara mutane shi za a ɗauka, ko da bai yi wa uwargida daɗi ba.

Mu da ke zaune a zango muna da agogon da ba ya kuskure. A Disamba ana kiran asuba wajen ƙarfe biyar, magariba wajen shida, isha'i jim kaɗan bayan bakwai. A gidanmu mun tsai da bayan isha'i: an idar da salla, lasifika ta yi shiru, an ci tuwo, yara ba su fara gyangyaɗi ba. Na taɓa gwada asuba. Ga babba mai tashi da wuri ta yi, amma tada yaro ɗan makaranta cikin sanyin hunturu don ya yi addu'a yana jawo ƙunƙuni, yaron kuma ya taso yana haɗa addu'a da wahala. Ban so haka ga 'ya'yana ba.

Gargaɗi: a gidan haya mai ɗakuna da yawa, kada ku ɗaga murya da waƙa lokacin da maƙwabta suke salla a tsakar gida. Ku dakata su sallame. Hajiyar da muke ƙofa da ƙofa da ita ta lura da hakan tun shekarar farko, yanzu ita ce take hana jikokinta buga ƙwallo a bakin ƙofarmu idan ta ga hasken kyandir ta labule.

Wuri kuma ya zama guda ɗaya har a gama: ƙaramin tebur ko kujera 'yar tsuguno a kusurwar ɗaki, nesa da labule, nesa da gidan sauro, ba a ƙarƙashin fanka ba. In ɗaki ɗaya ne gare ku, ku zaɓi inda za a ajiye farantin da rana, sama inda hannun yaro ba ya kaiwa.

In maigida direba ne irin nawa, mai bin hanyar Techiman da Kintampo zuwa Tamale da Bolga, ku shirya da shi ya kira a wannan lokacin in ya tsaya, a buɗe muryar wayar kowa ya ji. Ba a kira shi yana tuƙi.

3. Kayan aiki da abin da za su ci

Za ku nemi babban faranti na ƙarfe ko tire, gwangwanin madara ko na tumatir guda biyar da aka wanke, yashi mai laushi, ashana, ganye, ƙyalle shunayya da ruwan hoda da fari, sai Littafi Mai Tsarki da kyandir. A cikin waɗannan duka kyandir da ashana ne kawai dole sai an saya. Ƙyalle kuwa, ku je wurin kowane tela ku roƙi ragowar yadi, a wannan watan buhu-buhu muke zubarwa.

Kyandir nawa? Ga lissafin. A shekarar da Adbent ya kai kwana 28, na farko zai ci wuta minti goma sha biyar sau 28, awa bakwai ke nan. Na biyu awa biyar da kwata, na uku awa uku da rabi, na huɗu bai kai awa biyu ba. Siririn farin kyandir ɗin da muke saye saboda dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, ba ya kai awa bakwai, don haka ku sayi takwas: biyu-biyu na makon farko da na biyu, ɗaya-ɗaya na uku da na huɗu, ɗaya na daren Kirsimeti, ɗaya ajiya. A kasuwar Kejetia ko kowane kanti a unguwa za ku samu. Duka kashe-kashen bai kamata ya wuce kuɗin waakye kwano biyu ko uku ba.

Akwai kyandirori masu launi, uku shunayya ɗaya ruwan hoda, irin waɗanda za ku gani a gaban bagade a babbar cocin St. Peter da ke Roman Hill. Shagunan kayan ibada suna kawo su, kuɗinsu ya ninka na fararen, kuma suna ƙarewa da wuri. Wanda yake da hali ya saya tun tsakiyar Nuwamba. Wanda ba shi da shi kada ya ci bashi, kada kuma ya fasa addu'a saboda launi.

Littafi Mai Tsarki na Hausa ba ya samuwa a kowane shago a Kumasi. In babu na takarda, manhajar YouVersion tana da fassarar Hausa kyauta. Gargaɗi: ku sauke ta a waya tun da rana don ta buɗe ba tare da intanet ba, kuma kafin a fara addu'a a kashe data. Saƙon WhatsApp guda ɗaya ya isa ya ɗauke hankalin mai karatu. In a gidanku an fi jin Frafra, Kusaal, Dagaare, Kasem ko Twi, a karanta da harshen da kaka da ƙaramin yaro za su gane.

4. Haɗa farantin

Ku yi wannan ranar Asabar, jajiberin Lahadin farko, tare da yara.

Da farko a cika kowane gwangwani da yashi har kusan baki, a yayyafa ruwa kaɗan don ya kama. A kafa kyandir a tsakiya, a danna yashin da yatsa har ya tsaya kyam. A girgiza gwangwanin a gani. In ya karkata a sake. Sai a ɗaure ƙyalle a jikin gwangwani: uku shunayya, ɗaya ruwan hoda, ɗaya fari. Huɗu za su zagaye farantin, farin a tsakiya, kuma shi ba a taɓa shi sai daren 24.

Gargaɗi: a jikin gwangwani ake ɗaure ƙyalle, kada a ɗaura a jikin kyandir. Kyandir yana ƙonewa ƙasa, wuta za ta tarar da ƙyallen.

Daga nan ganye. A zuba yashi mai laima a cikin farantin, a jera ganye a kewaye kamar gammo. Ganyen mangwaro ya fi daɗewa da ɗanyantaka. Dogon yaro yana da kyan gani amma kwana biyu ya yi yaushi. Ganyen kwakwar manja in an tsaga shi an kitsa yana yin kyau ƙwarai. Ko wanne kuka ɗauka, ya kwanta ƙasa da bakin gwangwani, kuma a sauya shi kowace Asabar.

Wannan sauyin ganyen ba ado ba ne, kuma na koye shi da tsada. Wata shekara aiki ya sha kaina, na bar ganye ɗaya mako uku. Hunturu ya busar da shi ƙayau. Muna cikin addu'a iska ta turo taga, guntun kyandir na farko ya kwanta, ganyen ya kama fuu, kafin in miƙe harshen wutar ya lashi gefen gidan sauron da autana yake kwance a ciki. Babbar 'yata ce ta fizge yaron, ni kuma na kifa bokitin wanki a kai. Allah ya tsare, gidan sauro kawai muka rasa, amma har yau in na tuna jikina yana rawa. Mu da muka sha ganin abin da gobara take yi wa kasuwannin garin nan ba ma buƙatar dogon bayani. Don haka: kofin ruwa a gefen faranti kullum, a rufe taga, a kashe fanka, kyandir in ya rage tsawon ɗan yatsa a sauya shi, ba a barin ɗaki da wuta a kunne ko na ɗan shiga bayi. Tukunyar gas kada ta kasance a kusa. Lambar 'yan kwana-kwana a Ghana 192 ce, ko 112. In mai gidan haya ya hana kyandir, ku bi dokarsa, ku yi da ƙananan fitilu masu batir guda huɗu.

5. Tsarin minti goma sha biyar

Ga yadda muke bi, kuma ban canza shi ba shekara da shekaru, domin yara suna samun natsuwa in sun san abin da ke biye.

A kashe talabijin da rediyo, a kashe wutar ɗaki. A zauna cikin duhu ɗan lokaci, kamar numfashi biyar. Sai wanda aka zaɓa ya ƙyasta ashana ya kunna, yana cewa, "Zo, ya Ubangiji Yesu," sauran su amsa da kalmomin nan. Addu'a ce daga ƙarshen Littafi Mai Tsarki, Wahayi 22:20. A makon farko kyandir ɗaya ake kunnawa, shunayya. Makon biyu, biyu. Lahadi ta uku a ƙara mai ruwan hoda, Lahadi ta huɗu dukansu. Da yawa suna kiran su bege, salama, farin ciki da ƙauna. In cocinku tana da wani jeri daban, ku bi nata.

Sai waƙa, baiti ɗaya ko biyu. Sai karatu, aya goma zuwa goma sha biyu, a hankali. Sai shiru na minti biyu. Sai kowa ya faɗi kalma ɗaya ko jimla ɗaya da ta tsaya masa. Sai roƙo, daga ƙarami zuwa babba, kowa abu ɗaya. A rufe da Addu'ar Ubangiji, yaro ya hure kyandir, a kunna wutar ɗaki.

Bari in daɗe a kan shirun nan, domin shi ne ya fi wuya kuma shi ake fara yarwa. Mu mutanen hayaniya ne, a addu'a ma mun saba da murya sama. Minti biyu ba magana, a daren farko, zai yi muku kamar awa. Yara za su yi ƙus-ƙus, wani zai yi tari, ke uwa zuciyarki za ta tafi kan ɗinkin amaryar da ba ki gama ba. Ba laifi. Ku kafa ido a kan harshen wutar, ku maimaita kalma ɗaya daga karatun a zuci, in tunani ya gudu ku dawo da shi ba tare da faɗa da kai ba. Wajen dare na biyar za ku ji ɗakin ya fara kwanciya da kansa. Zakariya, uban Yahaya Maibaftisma, ya yi watanni bebe kafin bakinsa ya buɗe da yabo, ni kuwa na yarda a cikin shirun nan ne yabon ya nuna.

Gargaɗi ga iyaye maza da masu baiwar magana: lokacin "kalma ɗaya" ba na wa'azi ba ne. In baba ya ɗauki minti ashirin yana fassara, gobe yara za su ɓuya a ɗakin maƙwabta. Haka kuma kada a mai da roƙo hanyar habaici, irin "Ubangiji ka shirya masu taurin kai a gidan nan." Wanda ake nufi ya ji, kuma addu'a ta zama bulala.

Gargaɗi na biyu: kada ku kunna duka huɗun tun farko don ya fi kyau a hoto, kada kuma ku fara waƙoƙin haihuwa tun makon farko. Kejetia za ta cika da kiɗan Buronya, wato Kirsimeti, tun Nuwamba, wannan na kasuwa ne. A coci kuwa za ku lura Fada yana sanye da shunayya, kuma a Misar Lahadi an ajiye waƙar ɗaukaka ta mala'iku sai daren Kirsimeti. Autana ya taɓa tambayata, yana kallon ukun da ba a kunna ba, "Mma, su waɗannan sun lalace ne?" Na ce, "A'a, lokacinsu ne bai yi ba." Ya yi shiru, sai ya ce, "To zan jira su." Tun daga ranar shi yake ƙirga kwanaki a bayan ƙofa.

6. Abin karantawa

Makon farko na tsaro ne da sa ido. Ku bi Ishaya 2:1-5, Ishaya 9:1-7, Ishaya 11:1-10, Zabura 130, Romawa 13:11-14, Markus 13:33-37, da Matiyu 25:1-13, labarin 'yan mata goma da fitilunsu. Wannan na ƙarshen yara suna gane shi nan take, duk wanda dumso ya taɓa kamawa ba kananzir ba batir ya san halin biyar ɗin nan.

Mako na biyu na Yahaya Maibaftisma ne da tuba: Ishaya 40:1-11, Malakai 3:1-4, Markus 1:1-8, Zabura 51, Zabura 85, sai Luka 3:1-18 a raba shi dare biyu. A dare na biyun ku tsaya sosai a kan aya 10 zuwa 14. Mutane suka tambaye shi me za su yi, bai tura su jeji ba. Mai riga biyu ya ba marar riga, mai karɓar haraji kada ya karɓi fiye da ƙa'ida, soja kada ya yi ƙwace, ya gamsu da albashinsa. Kowane babba a ɗakin ya tambayi kansa da me Yahaya zai ce wa mai sana'arsa.

Mako na uku na farin ciki ne: Filibiyawa 4:4-7, Ishaya 35, Ishaya 61:1-3, Zafaniya 3:14-18, Zabura 126, Matiyu 11:2-6, da Yakubu 5:7-11 inda aka misalta mai jiran Ubangiji da manomi mai jiran ruwan sama. Mu da iyayenmu suke noman gero da dawa a arewa, inda damina ɗaya ce tak a shekara, mun san nauyin wannan misalin. Da zarar 17 ga Disamba ta yi, ko kun gama jerin ko ba ku gama ba, ku koma mataki na 9.

Wasu suna karanta Luka sura ɗaya kullum daga 1 zuwa 24 ga Disamba, tunda surori 24 ne. Ga babba shi kaɗai abu ne mai kyau. Gargaɗi: kada ku kawo shi cikin addu'ar iyali, surar farko kaɗai aya 80 ce.

7. Azumi da sadaka

Cocin Katolika ba ta ɗora azumin dole a Adbent ba kamar na Laraba ta toka da Juma'a mai kyau, don haka kada kowa ya ɗaura wa wani. Amma ku zaɓi abu ɗaya da za ku rage, wanda zai bar kuɗi ko lokaci a hannu: lemon kwalba, giya, data na dare, cacar ƙwallo. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon sukari da mai shan magani kullum kada su taɓa abincinsu.

Akwai azumin da ya fi na ciki wuya. Nawa shi ne kada in karɓi ɗinkin da na san ba zan gama kafin 24 ba, kada in ce "gobe" alhali na san jibi ma ba zai yiwu ba. Kuɗi nake gani yana fita ƙofa, amma ba zan zauna gaban kyandir ina roƙon zuwan Mai gaskiya da ƙaryar yini a bakina ba. Mai kanti ya duba mudunsa, mai gareji ya duba abin da yake cajin mutane, mai yara a ƙarƙashinsa ya biya su haƙƙinsu kafin biki.

Abin da kuka rage ku zuba a gwangwani na shida, mai murfi, a gefen faranti. Yara ma su jefa pesewa ɗinsu. A buɗe shi Lahadi ta uku, ba daren Kirsimeti ba, don wanda za a ba ya samu damar yin cefane. Ku zaɓi mutum takamaimai: gwauruwa a unguwa, marar lafiya, ko 'yan matan nan kayaye, masu dakon kaya a kasuwa, masu kwana a barandar shaguna cikin sanyin nan, waɗanda tsohon zane mai kauri ko rigar sanyi zai yi musu amfani fiye da biskit. Gargaɗi: ba hoto, ba sanarwa a Facebook. Matiyu 6:1-4 ya isa dalili. Kuma wannan daban yake da alkawarin bikin godiyar kaka na coci, kada a ɗebi ɗaya a toshe ɗaya.

8. Sulhu, tun mako na biyu

Ku rubuta sunan mutum ɗaya da ba kwa ga maciji da shi, ku je gare shi kafin Lahadi ta uku. Matiyu 5:23-24 ya ce a bar baiko a gaban bagade a je a shirya tukuna. Ni na taɓa yin wata huɗu ba ma gaisawa da wata 'yar'uwa a gidanmu saboda rabon kuɗin mitar wuta. Daren da muka karanta Zabura 51 na kasa haɗiye ta. Da safe na ɗauki koko da ƙosai na tsaya a ƙofarta na ce, "Yaya, na zo ne ki yafe mini maganar da na faɗa." Ban tado lissafin mita ba. Shi ne gargaɗin wannan matakin: in kun je neman gafara, nasu laifin ku bar shi a gida. In kuma mutumin ya ƙi, kun sauke naku, kada ku mai da shi labari a zumuntar mata.

Ga 'yan Katolika, ku tambayi katikis ranar da za a yi furta zunubi na Adbent, ku je da wuri. Wanda ya bari sai 23 ko 24 zai tarar da dogon layi da Fada a gajiye. Ku tuna kuma 8 ga Disamba idin Maryamu ne, a nemi Misa.

9. Daga 17 zuwa 24 ga Disamba

Nan karatu yake juyawa kai tsaye zuwa labarin haihuwa, kuma jerin nan shi ne wanda ake karantawa a Misar kwanakin. Ran 17, Matiyu 1:1-17. Ran 18, Matiyu 1:18-25, mafarkin Yusufu. Ran 19, Luka 1:5-25. Ran 20, Luka 1:26-38, Jibra'ilu a wurin Maryamu. Ran 21, aya 39 zuwa 45, ziyararta ga Alisabatu. Ran 22, aya 46 zuwa 56. Ran 23, aya 57 zuwa 66. Ran 24 da safe, aya 67 zuwa 79.

Kada ku tsallake na ran 17 don jerin sunaye ne. Mu da muke yi wa yara tilawar kakanninsu mun san darajar asali. Ku sa su nemo matan da ke ciki: Tamar, Rahab, Rut, matar Uriya, da Maryamu. Rut baƙuwa ce daga Mowab, ta zo ƙasar da ba tata ba tana kalar hatsi a gonar mutane. Ku faɗa wa yaran zango wannan, su ji cewa baƙuwa tana cikin kakannin Almasihu.

A waɗannan darare bakwai na farko ana kiran Yesu da suna guda kowane dare wajen kunna kyandir: ran 17 Hikima, 18 Ubangiji, 19 Tushen Yesse, 20 Mabuɗin Dawuda, 21 Hasken Asuba, 22 Sarkin Al'ummai, 23 Immanuwel. Mai kunnawa ya ce, misali, "Ya Mabuɗin Dawuda, zo," sauran su amsa, "Zo, ya Ubangiji Yesu."

Wannan makon ne kuma motocin arewa suke cika, masu Wa, masu Navrongo, masu Bawku. In za ku tafi gida, kada ku ɗauki faranti. Takardar karatu da kyandir huɗu a jaka sun isa, yashi da gwangwani suna can. Daren da ya same ku a mota, ku karanta a zuci a lokacin da kuka saba. In kuma wani dare ya kuɓuce gaba ɗaya, saboda aiki ko rashin lafiya ko baƙi, kada ku haɗa karatu biyu washegari don ramuwa. Ku ɗauki na ranar ku ci gaba.

10. Daren 24

A ci abinci da wuri, a sa sabon ganye. A kunna huɗun ɗaya bayan ɗaya, a karanta Mika 5:2-5, sannan Luka 2:1-20. In an kai aya ta 7, inda ta haifi ɗanta ta kwantar da shi a komin dabbobi, mai karatu ya dakata, ƙaramin yaron gida ya kunna farin na tsakiya, babba yana riƙe da hannunsa. Yanzu a saki murya da waƙoƙin da aka riƙe mako huɗu. Kafin a fita sujadar dare, mutum ɗaya ya hure duka biyar, mutum na biyu ya taɓa lagwanin kowanne da jiƙaƙƙen yatsa ya tabbatar.

Washegari kwanon farko na shinkafa da kaza ya tafi ɗakin maƙwabtan da suke aiko muku da naman layya. Farin kyandir a ci gaba da kunna shi shi kaɗai kowane dare har idin zuwan masu hikima a farkon Janairu. Bayan nan a zubar da ganye da yashi, a goge gwangwanayen, a ƙulle su a leda tare da ƙyallayen da takardar karatu, a rubuta ranar Lahadin farko ta baɗi a jikin ledar.